Fiffike Kafin Inji

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, da manoman rani na Bakolori, da kafintoci da masu walda, da ɗalibai da malamansu. Shirinmu na yau a kan abu guda zai tsaya, wato yadda ake haɗa fiffiken babban jirgin sama na gwaji, irin wanda ba ya ɗaukar mutum, daga ƙasa ake tuƙa shi da rimot. Na san wani zai ji haka ya ce lallai an rasa abin faɗa. A dai yi haƙuri a ba ni kunne. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a duk sassan jirgi babu inda ke tilasta wa mai ƙira ya yi awo da lissafi kamar fiffike, kuma awo da lissafin nan su ne abin da ya rage wa yaranmu masu basirar hannu. Saboda haka nake ganin haɗa fiffike ɗaya daga farko har ƙarshe, a auna shi, a gwada shi har ya karye, aji ne na injiniyanci mai arha wanda makarantunmu za su iya buɗewa ba tare da jiran kowa ba.

Basirar kam akwai ta, wannan ba abin gardama ba ne. Yaron da ya tashi a ƙauyukanmu ya san motar kara da motar langa-langa tun kafin ya iya karatu, yana fere karan dawa, yana soka tsinke, har da ƙofa mai buɗewa. Idan ya girma sai ka gan shi a Facebook ya haɗa jirgin sama da kwano da injin babur, an yi masa fenti, jama'a sun kewaye shi ana ta sa albarka. A shekarar 2007 ma wani ɗalibin kimiyyar fiziya na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya zaga duniya, kuma rahotanni suka ce jirgin ya ɗaga daga ƙasa kimanin mita 2. Wannan ƙoƙari ne na a yaba. Sai dai da yawa daga cikin jiragen da ake nunawa ba sa barin ƙasa, kuma dalilin kusan ɗaya ne a kullum. Mai ƙirar ya kalli hoton jirgi ne ya kwaikwayi siffarsa, ya zuba hankalinsa a kan inji da farfela da fenti, fiffike kuwa ya yanka falle ya manna don abin ya yi kama da jirgi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Iska ba ta kallon fenti, faɗin fiffike da lanƙwasarsa da nauyin da aka ɗora masa kawai ta sani.

Tarihin jirgin sama kansa shaida ne. A watan Disamba na 1903 ɓangare biyu ne a Amurka suke tseren fara tashi. Na farko babban masani ne, Samuel Langley, wanda ma'aikatar yaƙi ta ba shi dala 50,000, kuma injin jirginsa yana da ƙarfin doki sama da 50. Ranar 8 ga watan aka harba jirgin daga kan wani kwale-kwale a kogin Potomac, nan take ɓangaren bayansa ya lanƙwashe, ya faɗa ruwa. Bayan kwana 9, ranar 17 ga Disamba, wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kekuna, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirgi mai injin doki 12 kacal, wanda bai fi injin babur ƙarfi da yawa ba. Me ya bambanta su? A 1901 'yan'uwan nan sun gwada jirgi marar inji, suka ga ɗagawar da fiffikensa ke bayarwa ta gaza abin da lissafin littafi ya nuna nesa ba kusa ba. Maimakon su nemi babban inji sai suka koma shago, suka haɗa wani akwati mai tsawon ƙafa 6, suka sa masa fanka, suka riƙa sa ƙananan fukafukai a ciki suna auna yadda iska ke ɗaga kowanne, har siffofi kusan 200. Shekara biyu suna kan fiffike da tuƙi kafin su waiwayi inji. Wanda ya fi kuɗi da ƙarfin inji ya sha ruwa, masu tebur da ma'auni suka tashi.

To, yaya fiffike ke ɗaga jirgi? A taƙaice, yana karkatar da iskar da ke ratsa shi zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Ana ɗan ɗaga goshinsa, a yi wa bayansa doro, sai iskar da ke bin doron ta ƙara gudu, danninta ya ragu, na ƙarƙashi ya fi shi, bambancin nan shi ne ɗagawa. Akwai bayanin da ya yaɗu a wasu littattafan makaranta cewa wai dole iskar sama da ta ƙasa su haɗu a gefen baya lokaci guda, shi ya sa ta sama ke sauri. Malamai su yi hattara, wannan bayani ba daidai ba ne, domin gwaji ya nuna ta sama tana riga ta ƙasa wucewa. Shi kuma doron ba da ka ake zana shi ba. Akwai siffofi da aka auna aka wallafa adadinsu, kuma wadda ta fi dacewa da mai farawa ita ce Clark Y, wadda Virginius Clark ya fitar a 1922. Kaurinta kashi 11.7 cikin 100 ne na faɗin fiffike, kuma yawancin cikinta shimfiɗaɗɗe ne, don haka ana iya kwantar da ita a kan tebur a yi aiki. Akwai iyaka kuma. Idan aka ci gaba da ɗaga goshin fiffike, ɗagawa tana ƙaruwa har wajen digiri 15, daga nan sai iska ta saki doron, jirgin ya sulmiyo. Sau da yawa faɗuwar da ake ɗora wa inji ko rimot, a nan take faruwa.

Me ya sa nake nanata babban jirgi, ba ƙarami ba? Masu wannan sha'awa a Amurka suna kiran jirgi babba idan tsawon fiffikensa ya kai inci 80, wato mita 2 da 'yan kai. Ƙaramin jirgi mai fiffiken taku biyu yana yafe kuskure, ko da kwali aka yi shi zai iya tashi, mai shi ya tafi da zaton ya iya. Babba ba ya yafewa, kuma dalilin tsohon lissafi ne da Galileo ya bayyana tun 1638. Idan ka ninka tsawo da faɗi da kaurin abu sau biyu, shimfiɗarsa ta ninku sau huɗu, amma nauyinsa sau takwas. Kenan kowane taƙi na fiffiken zai ɗauki ninki biyu na abin da yake ɗauka a da. Mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshen shirin: fiffike mai tsawon mita 2.4, faɗi santimita 40, shimfiɗarsa ta kusa murabba'in mita 1, jirgin duka kilo 6. Irin wannan zai iya tsayawa a iska da gudun kimanin kilomita 36 a awa. Idan mai ƙira ya ji tsoro ya lafta katako da ƙarfe da gam har jirgin ya kai kilo 12, sai ya kai kusan kilomita 51 a awa kafin ya tashi, da wannan gudun kuma zai sauka, ƙarfin dukan da zai yi wa ƙasa ya ninku huɗu. A ƙara da wani abu da ya shafe mu nan. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Mafara, iskarmu ta fi wadda littattafan Turai ke lissafi da ita sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100. Zanen da aka kwafo daga can zai ba da ɗagawa ƙasa da yadda aka rubuta, shi ya sa da sanyin safiya ake gwaji.

Yanzu mu shiga cikin fiffiken, inda aikin yake. Abu na farko shi ne ƙashin bayansa, sandar da ke bi daga tsakiya zuwa kowane ƙarshe a daidai inda fiffiken ya fi kauri. Jirgi mai kilo 6 ba kilo 6 kaɗai fiffikensa ke ɗauka ba. Idan ya yi kwana mai tsanani, ko ya taso daga nutso, ko guguwa ta buge shi, nauyin kan ninku huɗu, ya zama kilo 24, wato 12 a kowane gefe. Wannan kilo 12 yana turawa ne daga nisan rabin mita da ɗan ɗoriya, alhali kaurin da ƙashin bayan ke da shi don ya yi turjiya bai wuce santimita 4 ba. Idan aka raba, za a ga sandar sama tana shan matsa ta kimanin kilo 160 a gindin fiffike, ta ƙasa kuma tana shan ja mai wannan yawa. Fiye da buhun siminti uku kenan, a kan 'yar sandar da ba ta fi yatsa kauri ba. Duk maginin da ya taɓa ɗora azara ya san cewa idan nauyi ya hau ta, samanta ne ke matsewa, ƙasanta ke miƙewa, tsakiyarta ba ta shan wahala sosai. To a jirgi, inda kowane giram ke da hisabi, sai a cire tsakiyar. A sa sanda ɗaya mai ƙarfi a sama, ɗaya a ƙasa, a haɗa su da siririn bango na katako wanda jijiyarsa ke tsaye, don kada su zame wa juna ko su matso. Bangon nan ba ya da kwarjini, sau da yawa shi ake mantawa da shi, amma idan babu shi sandunan biyu kowace ita kaɗai take fama. Sandar da ke shan matsa ita ke fara gocewa, don haka a zaɓar mata katako mai miƙaƙƙiyar jijiya marar ƙulli. Kuma tun da nauyin yana raguwa ana tafiya ƙarshen fiffike, sai a riƙa sirantar da sandunan, babu amfanin kai kauri inda ba a bukatarsa.

A nan akwai wata matsala da ba a rubuta ta a zane. Fiffiken mita 2.4 ba ya hawa babur, da ƙyar yake shiga a-daidaita-sahu, don haka akan raba shi biyu a haɗa da bututun alminiyam. Amma tsakiyar da za a raba ita ce daidai inda kilo 160 ɗin nan yake. Idan bututun ya tsaya a cikin haƙarƙari kawai bai jingina da sandunan sama da ƙasa ba, ranar farko fukafukan za su tafa hannu a sama.

Abu na biyu haƙarƙari, wato yankakkun fallaye masu siffar Clark Y da ake jerawa a kan ƙashin baya, tazarar santimita 7 zuwa 10. Ana yanka samfuri ɗaya mai kyau, a tara sauran a matse su tare, a goge da samfefa har su zama bai ɗaya, domin bambancin milimita biyu ma iska tana jinsa. Abu na uku shi ne maganin murɗewa, kuma shi ne wanda masu koyo suka fi rainawa. Fiffike na iya jure lanƙwasa amma ya kasa jure murɗa. Kowa na iya gwada wannan a gida: a naɗe takarda mai kauri ta zama bututu a manne bakinta, a murɗa, za a ji ta yi tauri. A tsaga ta daga sama har ƙasa a sake murɗawa, sai ta bi hannu, alhali takardar ba ta ragu ba. Saboda haka ake lulluɓe gaban fiffike da siririn falle tun daga sandar sama, a zagayo goshi, a dire a sandar ƙasa, bangon tsakiya ya rufe bayan, a samu rufaffen bututu. Kuma a kula, a ranar da aka manne wannan falle siffar fiffiken ta daskare. In a karkace yake a lokacin, a karkace zai zauna har abada. Shi ya sa tebur ya fi kowane kayan aiki muhimmanci. A duba shi da lebur da zare, ko a shimfiɗa gilashi mai kauri a kai. Idan ana son karkata, da gangan ake yin ta kuma da awo: a ɗaga gefen baya na ƙarshen fiffike da santimita 1.4, digiri 2 kenan, don idan iska za ta saki fiffiken ta fara daga gindi, ƙarshensa ya ci gaba da riƙewa, jirgin ya sunkuya gaba maimakon ya kife gefe. A kuma ɗaga kowane ƙarshe sama da santimita 6, wajen digiri 3, don jirgin ya riƙa komawa daidai da kansa.

Sauran aikin zan bi ta kansa da sauri. Leɓɓan da ke gefen baya, waɗanda ke karkata jirgi dama ko hagu, a yi su marasa nauyi, kuma kada a bar sako-sako tsakaninsu da 'yan injinan da ke motsa su, domin leɓe mai girgiɗi yakan kama karkarwa a cikin gudu ya wargaza fiffike kafin a ƙifta ido. Rigar waje ta leda ce mai tsukewa da zafin dutsen guga, kuma a ranarmu fara ko rawaya ta fi baƙa. Cibiyar nauyin jirgi ta faɗo santimita 10 zuwa 12 daga goshin fiffike, gara ma ta ɗan yi gaba da ta yi baya.

Sai gwajin da nake ganin shi ne zuciyar darasin. Kafin a kai jirgi fili, a kifar da fiffiken, a tallafe shi daga tsakiya, a jera masa nauyi. Haka masu ƙera manyan jirage suka riƙa yi da buhunan yashi tun farkon ƙarni na 20, har yau kuma ba a ba jirgin fasinja takardar tashi sai an lanƙwasa fiffikensa a ƙasa. Mu ma'aunin yana hannunmu. Ledar ruwan sha ta santilita 50 rabin kilo ce. Leda 48 kilo 24 kenan, leda 24 a kowane gefe, a fi tara su wajen gindi, a rage wajen ƙarshe. Ana ɗorawa ana auna yadda ƙarshen ke sauka, ana rubutawa. Idan an sauke ya koma inda yake, ya ci. Idan ya yi ƙara ko ya tsaya a lanƙwashe, an gano laifin a kan tebur, ba a bisa kawunan mutane ba. A aji kuwa ya kamata a ci gaba da ɗorawa har ya karye, domin inda ya karye ne ke faɗa wa ɗalibi ko lissafinsa gaskiya ne.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce kayan aikin ba namu ba ne, katakon balsa daga Ekwado yake zuwa, da dala ake sayensa. Gaskiya ne balsa ta fi kusan kowane katako na kasuwa sauƙi, wajen kilo 160 a kowace mita kubik, har Ingila ta sa ta a jikin jirgin yaƙinta na Mosquito a 1940. Amma ga abin da ba kowa ya sani ba: masu haɗa irin waɗannan jirage a Ingila sun daɗe suna yanka fiffike daga farin soso, irin wanda ake cusa wa firji a cikin kwali, su lulluɓe shi da siririn fallen obeche. Obeche kuwa itacen dazuzzukan kudancin Najeriya da maƙwabtanta ne, yana nan a kasuwannin katakonmu. Ana yanka soson da zafaffiyar waya da batirin mota, a wuri mai iska saboda hayaƙin, kuma kada a kusantar da sufa-gulu gare shi domin cinye shi yake yi, gam ɗin kafinta ko Araldite ake sawa. Rimi ɗan dangin balsa ne a wajen masana tsirrai, ya fi ta nauyi amma yana yin haƙarƙari idan ya bushe sarai. Ga tukurwa, ga gora. Ban ce kowannensu ya kai balsa ba. Na ce ne a yanka sanda ɗaya-ɗaya daidai wa daida, a auna nauyinsu, a rataya musu ledar ruwa har su karye, a rubuta. Wanda ya yi haka ya samar da adadin da littafin Turai ba zai ba shi ba. A tuna kuma katakon da aka haɗa da damina yana tsukewa da hunturu, gara kuma ba ta san jirgi ba. Inji da batirin jirgi da rimot dole a saya, wannan na yarda, amma duk abin da na lissafo a yau ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu.

Na biyu zai ce, malam, ana fama da abin sawa a baka, ga rashin tsaro, kai kana zancen abin wasa. Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Amma a dubi abin da ke gabanmu. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan kogin Sakkwato aka kammala a 1978, an tsara ta ne don ban-ruwan kadada kusan 23,000 a ƙasashen Maradun da Mafara da Bakura. Fili mai wannan faɗi, da magudanan da yashi da ciyawa ke toshewa, da gonakin shinkafar da jan-baki ke sauka a kai, duba shi da ƙafa aiki ne na makonni. Daga sama kuwa, jirgi mai fiffike ya fi mai farfela huɗu nisan zango da batir iri ɗaya, domin shi fiffike ne ke riƙe da nauyinsa, wancan kuwa da ƙarfin batir kaɗai yake rataye. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016 ya kuma fara aiki a jihar Kaduna a 2022, da jirage masu fiffiken da ya ɗan haura mita 3 yake aiki, girman da bai yi nisa da misalinmu ba. Rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar da jiragenta marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018 a Kaduna. Ko da kuma ɗalibin bai sake taɓa jirgi ba, wanda ya gane dalilin sandar sama da ta ƙasa ya gane kan rufin ajin makaranta, da gadar magudanar ruwa, da ƙafar tankin ruwa. Sau nawa iskar farkon damina ke yaye rufin kwano a garuruwanmu? Ɗagawar da ke tashin jirgi ita ce ke tashin kwanon.

Na uku zai ce a sayo haɗaɗɗe daga Sin mana, ya fi sauri. Ya fi sauri kam, ga mai son tuƙi. Amma jirgi faɗuwa yake yi, kuma wanda bai san abin da ke cikin fiffike ba, ranar da ya tsage sai dai ya jingine shi ya jira wani.

Na huɗu shi ne mafi ƙarfi, kuma ina roƙon matasa su buɗe kunne. Sararin sama yana da doka. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A watan Maris na 2021 kuma, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, a cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, gwamnatin tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a sararin Zamfara. A yankin da mutane ke kwana da fargaba, abu ya gitta a sama ba a san mai shi ba, ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma jami'in tsaro ba zai tsaya tambayar ko na gwaji ne ba. Ban da haka, kilo 6 mai gudun mota da farfela a gaba yana iya kisa, batirinsa kuma yana kama wuta idan aka huda shi ko caji ya yi masa yawa. Don haka ba na ce wa kowane yaro ya fita bayan gari ya harba jirgi ba, ina hana shi ma. Amma a lura, wannan hujja tashi ta hana, ba ta hana ƙira ba. Zane da yanka da mannewa da awo da gwajin ledar ruwa duk a cikin ɗaki ake yin su. Abin da hujjar ke nunawa shi ne aikin ya fita daga lungu ya koma ƙarƙashin inuwar makaranta, wadda ke da suna da adireshi da shugaba, wadda za ta iya rubuta takardar neman izini, ta sanar da hakimi da jami'an tsaro rana da wuri, ko ta ɗauki jirgin ta kai inda aka yarda a tashe shi.

Makarantun kuwa muna da su. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, wadda sunan injiniya take ɗauke da shi. Ga kwalejin aikin gona a Bakura, wadda ita ce za ta fi kowa cin moriyar hoton gona daga sama. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da cibiyar fasaha ta sojin sama a Kaduna, inda za a iya neman malamin da zai duba lissafi. Abin da ake bukata a zangon farko bai wuce tebur shimfiɗaɗɗe ba, da sikeli mai auna giram, da reza da samfefa da gam, da kafinta ɗaya daga cikin gari wanda ya san jijiyar katako, domin malamin lissafi bai cika sanin ta ba. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa rabin fiffike mai tsawon mita 1.2 da kayan da ya zaɓa, ya rubuta tun kafin gwaji leda nawa yake zaton zai ɗauka. Makin a raba shi biyu: rabi ga wanda fiffikensa ya ɗauki nauyi mafi yawa gwargwadon nauyin kansa, rabi ga wanda hasashensa ya fi kusa da abin da ya faru. A ajiye karyayyun fukafukan da littafin adadin a ɗakin aiki, rukunin baɗi su fara daga inda na bana suka tsaya.

Nan za mu dakata a shirin na yau.